Muhawara: Sarakunan Girka da gumakansu, damfara ce ko siyasa?

Injiniya Bakano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masu tarihi. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka ta dā, ya kawo labarin Fisistiratus, wanda aka kora daga mulkin Atina shekaru 550 da 'yan kai kafin Miladiyya. Da ya tashi dawowa, sai shi da abokin ƙawancensa Megakilis suka samo wata doguwar mace kyakkyawa mai suna Fiye, tsawonta kamu huɗu ba yatsu uku. Suka sa mata sulke da kwalkwali, suka ɗora ta a keken doki, masu shela na gaba suna cewa ga Atena, allahiyar garin, da kanta ta dawo da Fisistiratus. Jama'a suka rusuna wa matar, suka karɓi mutumin. Waɗannan fa su ne ake ce mana iyayen falsafa. Ni a ganina duk maganar gumaka da jarumai a bakin sarakunansu damfara ce tsagwaronta, su na sama sun san ƙarya ce, talaka ne ake wa wayo. Ko akwai mai ja?

Ɗan Autan Zaure:
Wa alaikumus salam. Tab, ashe hayar 'yan gangami ba yau aka fara ba.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ni ne mai ja. Shi kansa Hirodotus ya ce bai taɓa jin dabara ta wauta irin wannan ba, kuma mamakinsa shi ne a ce Atinawa aka yi wa. To amma ka ɗauko labarin da ya fi kowanne kama da wasan kwaikwayo ka auna sauran da shi. Yawancin abin da sarakunan suka yi da waɗannan labaru ba talakawa suka yi wa ba, tsakaninsu da 'yan uwansu masu mulki ne, mutanen da ba a yi musu wayo da sauƙi.

Ɗauki sarkin Makidoniya Iskandar na ɗaya, kakan kakannin Iskandar Mai Girma. Ya je zai shiga tsere a wasannin Olimfiya, abokan karawarsa suka ce wasan na Girkawa ne, ba na bare ba. Sai ya kawo salsalarsa, cewa gidansu daga Argos suka fito, zuriyar Timinus, jikan Hirakilis. Alƙalan wasa suka zauna suka duba, suka ce Bagirke ne, ya shiga. Wa aka damfara a nan? Alƙalan nan manya ne, kuma sun san abin da hukuncinsu ke nufi: gidan sarautar Makidoniya ya sami kujera a zauren Girkawa.

Hajiyar Zango:
Baba Malam, Hirakilis ɗin nan shi ne Hirƙalu na hadisin Abu Sufyan?

Tsohon Malami:
A'a Hajiya. Hirƙalu sarkin Rum ne na gaske, ya hau mulki a 610 Miladiyya. Hirakilis kuwa jarumin almara ne, mai yawo da kulki da fatar zaki, wanda suke cewa ɗan Zeyus ne. Sarakunan Sparta ma, gidaje biyun duka, daga gare shi suka ce sun fito, kuma da wannan suke kafa hujjar cewa ƙasar da suka mamaye gadon kakansu ce suka dawo suka karɓa.

'Yar Damagaram:
Ina goyon bayan Baba Malam, kuma ga wanda ya fi ba ni mamaki. Kafin Zaksis sarkin Farisa ya auka wa Girka a 480 kafin Miladiyya, an ce ya aika manzo zuwa Argos da saƙo kamar haka: mu Farisawa daga Farsis muka fito, ɗan Farsiyus jaruminku, don haka mu jikokinku ne, bai kamata mu yaƙi kakanninmu ba, ku ma kada ku taya wasu yaƙarmu. Argos kuwa ta zauna ba ta shiga yaƙin ba. Ku duba fa, Zaksis ba ya bauta wa gumakan Girka, bai tashi da waɗannan labaru ba. Amma an san da wane harshe ake magana da Argos, sai aka yi mata da shi.

Injiniya Bakano:
Malama, ai hujjata kika ƙarfafa. Mutum bai yarda da labari ba, ya ɗauko shi ya yi amfani da shi. Me ake kiran wannan in ba damfara ba? Kuma ki faɗi sauran: a nan ne Hirodotus ya ce aikinsa shi ne ya faɗi abin da ake faɗa, amma ba dole ne ya gaskata duka ba. Argos ta zauna ne don shekaru kaɗan kafin nan Kiliyomenis sarkin Sparta ya karkashe mata mayaƙa dubu shida. Ba za ta tsaya sahu ɗaya da Sparta ba ko da babu wani Farsiyus.

'Yar Damagaram:
Na yarda ƙiyayyar Sparta ce ainihin dalili. To amma mutanen Argos za su fito su ce wa sauran Girkawa mun bar ku da Farisa ne saboda haushin maƙwabci? Abin kunya ne. Zumunci kuwa abu ne da ake iya faɗa a bainar jama'a ba a sunkuyar da kai ba. Damfara sai da wanda aka cuta. A nan mai bayarwa da mai karɓa duk sun san abin da ake ciki.

Bakatsinen Legas:
Ku bar Argos, ku zo kan ƙasusuwa, nan ne abin dariya yake. Sparta ta kasa cin Tegeya da yaƙi, sai bokanyar Delfi ta ce su nemo ƙasusuwan Orestis ɗan Agamemnon, sarkin da almara ta ce ya jagoranci Girkawa suka yaƙi birnin Tiroya. Wani Basparte mai suna Likas ya shiga maƙera a Tegeya, maƙerin ya ba shi labarin yana haƙa rijiya a tsakar gidansa ya tarar da akwatin gawa mai tsawon kamu bakwai. Likas ya yi dabara ya kama hayar gidan, ya tone ya kwashe ya kai Sparta. Su ma Atinawa ba a bar su a baya ba. Wajen 476 kafin Miladiyya Kimon kwamandan Atina ya ci tsibirin Sikiros, ya tono wani ƙaton ƙwarangwal da mashi da takobi na tagulla, ya ce na Tisiyus ne, jarumin almarar Atina, aka kawo shi Atina da biki kamar sarki ya dawo daga tafiya. Tsibirin kuwa yana kan hanyar jiragen da ke kawo wa Atina alkama daga Baƙin Teku, an kori mazaunansa, an zuba Atinawa. Wa ya tantance ƙashin? Babu. Injiniya yana da gaskiya.

Tsohon Malami:
Bakatsine, babu mai cewa ƙashin Tisiyus ne. Amma ka tambayi kanka me ya sa Sparta ta zaɓi Orestis. Spartawa Doriyawa ne, a labarinsu su masu shigowa ne. Agamemnon da ɗansa kuwa na tsofaffin mazauna ƙasar ne. Da ta ɗauko Orestis ta binne a kasuwarta, tana gaya wa maƙwabta ne cewa ita ce magajiyar tsohon sarkin da ya jagorance su duka. Kuma a daidai wannan zamanin ne ta daina ƙoƙarin mayar da maƙwabta bayi kamar yadda ta yi wa mutanen Mesiniya, ta koma ƙulla ƙawance da su, Tegeya na cikin na farko. Sauyin siyasa ne babba, ƙashin nan kuma shi ne sanarwarsa.

Abin da nake so ku gane, su waɗannan mutane ba su ɗauki yaƙin Tiroya da Hirakilis a matsayin gatanan gatananku ba. A wurinsu tarihin dā ne. Ko marubucin tarihi Tukididis, wanda ya fi kowa taurin kai wajen tantance labari, bai musa cewa an yi yaƙin Tiroya ba, cewa ya yi mawaƙa sun zuzuta. To idan kowa ya yarda an yi abu, saura gardama a kan wa ya gaji wa. A nan ne ake saka hannu. An ce lokacin da Atina da Megara ke rikici kan tsibirin Salamis, aka sa Spartawa biyar su yi hukunci, Solon jagoran Atina ya karanto baitin mawaƙi Homa da ke cewa Ajas na Salamis ya ajiye jiragensa kusa da rundunar Atinawa. Tun a zamanin dā ake zargin shi ya cusa baitin. Ka ga ko an yi maguɗi, an yi shi ne don alƙalai suna ɗaukar waƙar a matsayin shaida.

Ɗan Autan Zaure:
Ni dai Iskandar nake jira. Ba shi ne Zul-Ƙarnaini ba? Na ga hoton kuɗinsa da ƙahon rago.

Shugaban Zaure:
Auta, a yi hattara. Malaman tafsiri sun yi magana a kan wannan, kuma irin su Ibn Kasir sun bambanta bawan Allah na Suratul Kahfi da Iskandar Bamakidone, almajirin Aristo. Wannan ba zauren tafsiri ba ne, a tsaya kan tarihi.

Tsohon Malami:
Madalla Shugaba. Kuɗin mai ƙaho ma da aka fi gani, Lisimakus ne ya buga bayan mutuwar Iskandar, yana nuna shi da ƙahon Amun, gunkin Masarawa, saboda ziyarar da ya kai Siwa a hamadar Masar a 331 kafin Miladiyya, inda aka ce boka ya gaishe shi da ɗan Amun. Kuɗin azurfa da shi Iskandar ya buga da ransa, kan Hirakilis ne a jiki sanye da fatar zaki.

Amma in kuna son ganin gwani, ku bi sawunsa tun daga 334. Yana tsallakawa Asiya bai nufi fagen fama ba, Tiroya ya fara zuwa, wadda a lokacin ba ta wuce ɗan ƙaramin gari ba. Ya ɗora fure a kabarin Akilis, jarumin Girkawa a yaƙin Tiroya, wanda dangin uwarsa Olimfiyas ke cewa kakansu ne. Ya ajiye makamansa a ɗakin bautar Atena ya ɗauki tsofaffin da ke rataye a can. Har yanka ya yi don ya lallashi Firiyam, tsohon sarkin Tiroya, tunda kakansa Niyoftolemus ne ya kashe shi a labarin. Rundunarsa cike take da Girkawan da ubansa Filib ya murƙushe shekara huɗu kacal da suka wuce, shi kuma da hannunsa ya rusa birnin Tibis a 335. Da me zai haɗa kansu? Sai ya ce musu wannan ci gaban yaƙin Tiroya ne, Girkawa a gefe ɗaya, Asiya a ɗaya gefen. Kuma martani ne, domin Zaksis ma da zai tsallaka a 480 ya tsaya a wannan wuri ya yanka shanu dubu.

Injiniya Bakano:
To Baba Malam, mu je Taya, birnin da ke gaɓar Lebanon ta yau. A 332 ya ce wa mutanen Taya yana son ya shiga tsibirinsu ya yi wa kakansa Hirakilis yanka, wato gunkinsu Melkart da Girkawa ke kira da wannan suna. Suka ce ga wani ɗakin bautar a tsohon gari a bakin gaɓa, ya yi a can. Ya kewaye su wata bakwai, Ariyan, marubucin tarihin Iskandar, ya ce an kashe kimanin dubu takwas, an sayar da kimanin dubu talatin. Ibada ce wannan? Tashar jiragen ruwa yake so, don kada rundunar ruwan Farisa ta zauna masa a baya yana Masar. Da bakinsa ya gaya wa hafsoshinsa haka.

'Yar Damagaram:
Su ma mutanen Taya ai sun gane, shi ya sa suka ƙi. Barin sa ya yi yankan daidai yake da miƙa wuya. Amma Injiniya, kullum kana kallon abin daga sama ne. Masu rauni ma sun ci moriyarsa. A Malus, shekara ɗaya kafin Taya, ya yafe musu harajin da suke biyan Dariyus sarkin Farisa saboda su ma asalinsu Argos ne. A can hanyar Indiya mutanen wani gari, Nisa, suka fito suka ce masa gunkin Girkawa Diyonisus ne ya kafa garinsu, shaidarsu ita ce wata ciyawa mai yaɗo da ake danganta wa wannan gunki, suka ce ba ta fitowa ko'ina a ƙasar sai a dutsensu. Ya bar musu 'yancinsu, ya karɓi mahaya ɗari uku kawai. Ariyan ya ce Iskandar yana so labarin ya zama gaskiya, don ya ce wa sojojinsa ga inda Diyonisus ya kai, su kuma za su wuce nan. Yanzu tsakanin sarki da 'yan garin, wa ya yi wa wani wayo?

Hajiyar Zango:
Wallahi wannan ya tuna mini baƙon da zai sallama gidan mai hali, kafin ya faɗi buƙatarsa sai ya fara da cewa kakarsa da kakar maigida 'yan ɗaki ɗaya ne. Maigida ya san da walakin, amma ba zai ce ƙarya kake ba, sai dai ya ba shi abin da ya sawwaƙa.

Tsohon Malami:
Hajiya, kamar kin karanta dutsen Zantos. Akwai wani rubutu da aka tono a kudancin Turkiyya ta yau, na wajen 206 kafin Miladiyya. Wani ƙaramin gari a tsakiyar Girka, Kitiniyon, girgizar ƙasa ta rusa masa ganuwa, sannan sarkin Makidoniya ya zo ya ƙone gidaje. Suka tura jakadu uku suka tsallaka teku har Zantos neman gudummawa. Jakadun suka zauna suka warware salsala: Leto allahiyarku ita ta haifi Afolo, Afolo ya haifi Askilifiyus da wata 'yar zuriyar Dorus kakanmu, kuma a ƙasarmu aka haife shi. Suka ƙara da cewa taimakonmu zai faranta wa Sarki Batlimus na Masar rai, tunda shi ma jikan Hirakilis ne, kuma shi ke da iko da ku. Mutanen Zantos suka amsa cewa duk abin da kuka faɗa haka yake, mun ji tausayinku ƙwarai, amma baitulmali babu komai, bashi ya yi mana katutu. Suka ranto dirakma 500 suka ba su. Dirakma ɗaya kuwa ba ta wuce ladan ƙwararren ma'aikaci na yini guda ba, ku lissafa ganuwar da za ta gina. Amma suka sa aka sassaƙa dukan jawabin a dutse aka kafa a ɗakin bautar Leto.

Bakatsinen Legas:
Ɗari biyar! Har kuɗin mai sassaƙa dutsen ma sai an duba ko bai kusa haka ba.

Babarbare Mai Littafi:
Tun ɗazu ina karatu ban ce uffan ba. Bari in kawo na gida, don kada mu yi ta yi wa Girkawa dariya. A shekarar 794 Hijiriyya, wajen 1391 ke nan, Mai na Borno Usman bin Idris ya rubuta wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa yana ƙarar Larabawan Juzam da ke kama mutanensa Musulmi suna sayarwa. A ciki ya ce su zuriyar Saifu bin Zi Yazan ne, Balarabe Baƙuraishe. Alƙalƙashandi, wanda ya adana wasiƙar, ya yi gyara cewa Saifu Bahimyare ne na Yaman, ba Baƙuraishe ba. Ba gumaka a nan, kuma ban haɗa addinin Mai da na Girkawa ba. Amma salsala ta shiga wasiƙar ne don aikin da ta yi a Zantos: kafin ka nemi haƙƙi a wurin mai ƙarfi, ka nuna masa kai ba bare ba ne.

Ɗan Autan Zaure:
Saura Bayajidda da rijiyar Kusugu.

Shugaban Zaure:
Auta, wannan sai mun ware masa rana, in ba haka ba Daurawa da Kanawa za su kwana a nan. Mu ci gaba.

Injiniya Bakano:
To na ji, masu rauni ma suna amfani da shi. Amma ku nuna mini inda ya tsayar da takobi idan mai takobin ya yi niyya. Mutanen tsibirin Milos a 416 kafin Miladiyya, da Atina ta auka musu, sun dogara cewa Spartawa danginsu ne, ba za su bari a taɓa su ba. Atinawa suka gaya musu ƙiri-ƙiri cewa Sparta ba ta motsi sai don amfanin kanta. Haka kuwa aka yi, ko jirgi ɗaya bai zo ba. Aka kashe mazan, aka sayar da mata da yara. Tiroya ma fa? Rumawa na cewa daga can kakansu Iniyas ya gudo. A shekara ta 85 kafin Miladiyya wani kwamandan Rum, Fimbiriya, ya ce su buɗe masa ƙofa ai 'yan uwa ne. Yana shiga ya karkashe su ya cinna wa garin wuta.

'Yar Damagaram:
Ban ce yana tsayar da takobi ba. Ko su ba su ce haka ba. A Filatiya a 479, ana shirin gwabzawa da Farisa, mutanen Tegeya da Atinawa suka yi gardamar wa zai riƙe ɓangaren hagu na runduna. Kowa ya kawo jaruman kakanninsa. Sai Atinawa, bayan sun gama lissafo nasu, suka ce amma wannan ba shi da wani amfani, domin jaruman jiya suna iya zama ragwayen yau, a duba abin da muka yi wa Farisawa a yaƙin Maraton. Su aka ba wa. Amma lura, sai da suka lissafo ɗin tukuna. Ba a tsallake shi.

Tiroyar da ka ambata kuma, ita ce Rumawa suka ƙara wa ƙasa a 188 kafin Miladiyya saboda wannan zumuncin. Yuliyus Kaisar ya buga kuɗi da hoton Iniyas ɗauke da tsohon ubansa, don gidansu na cewa daga Iniyas suka fito. A 53 Miladiyya Nero, kafin ya zama sarkin Rum, yana matashi ya tsaya gaban majalisar Rum ya kawo wannan labari, aka yafe wa garin haraji gaba ɗaya. Ɗan ƙaramin garin da ba shi da soja, da me zai sami wannan in ba da labarin ba?

Injiniya Bakano:
Wanda aka ƙone a 85 bai ci moriyar yafiyar 53 ba, Malama.

Tsohon Malami:
Bai ci ba kam. Amma tunda kun shigo Rum, ga zaman da nake so a ce ina wurin. A 22 Miladiyya, zamanin Tibariyas sarkin Rum, ɗakunan bauta na garuruwan Girkawa sun cika da bayi masu gudu da masu cin bashi da waɗanda ake zargi da kisa, kowa ya shiga ba a taɓa shi. Sai aka ce kowane gari ya turo jakadu majalisar Rum ya kawo hujjar wannan alfarma. Mutanen Afisa suka fara. Suka ce ba a tsibirin Delos aka haifi Afolo da Atamis ba kamar yadda jama'a ke zato, a kurminsu aka haife su, itacen zaitun da Leto ta jingina da shi tana naƙuda yana nan tsaye har yanzu. Da suka gama wannan sai suka ƙara da cewa Farisawa sun bar musu alfarmar, Makidoniyawa sun bari, Rumawa ma sun bari. Mutanen Magnisiya kuwa takardun kwamandojin Rum Sifiyo da Sulla suka fito da su. Marubucin tarihi Tasitus ya ce da jakadun suka yi yawa 'yan majalisa suka gaji, suka miƙa wa manyan jami'ai biyu na shekarar su duba su kawo rahoto. A ƙarshe aka bar wa masu hujja alfarmarsu amma aka sa mata iyaka, aka ce kowane ɗakin bauta ya rubuta hukuncin a allon tagulla ya kafa a ciki.

Bakatsinen Legas:
Baba Malam, su mutanen Delos da aka ƙwace musu wurin haihuwa a gaban majalisa, wa ya bi musu kadi?